Hayar da Ake Biya Cikin Jirgi

Har yau in na ji ƙarnin ɗanyen kifi sai zuciyata ta tashi. Matata ta sani, shi ya sa in ta sayo tarwaɗa can bayan gida take wanke ta, ta kai ruwan nesa ta zubar. Abokan aikina kuwa abin tsiya suka samu, wai ga mutum zaune a Yelwa, garin kifi, amma in an kawo banda sai ya tashi ya bar wurin. Su yi ta dariyarsu. Kifi bai yi mini komai ba. Wani gida yake tuna mini, da wani tsoho mai sanyin murya, da mashin ɗin da Inna ta saya mini.

Ni ɗan tudu ne. Ƙauyenmu yana ƙasar Shanga, amma can ciki, inda gero da dawa ne abin magana. Kogi a wurinmu sai in an tafi biki a gan shi daga cikin mota. Da aka ba ni aikin koyarwa a wata firamare a gefen Yelwa, na kwaso matata da 'yarmu da ba ta daɗe da fara tafiya ba, muka kama ɗaki ciki da falo a tsakiyar gari. Albashi kuwa kamar an ba yara gyaɗa. Haya ta ɗauki nata, 'yan kabu-kabu masu ɗaukar fasinja a mashin su ɗauki nasu safe da rana, abin da ya rage mu ci tuwo da shi in ya isa. Da fetur ya yi tashin nan da kowa ya ji a jikinsa, kuɗin kabu-kabu ya ninka, mai gidan da muke ciki shi ma ya aiko cewa shekara mai zuwa haya za ta ƙaru. Ban san ko ɗakin nasa ma fetur yake sha ba.

Da na je gida na yi wa Inna wannan ƙorafin, ba don ta yi wani abu ba, don dai in sauke abin da ke raina. Tana da wani sa da ta daɗe tana turkawa a bayan ɗakinta, tun yana maraƙi. Kowa a gidan ya san na mene ne. Kwano za ta buga wa ɗakinta, don jinkar ta gaji, da damina har tasa take tarawa a gefen gado. Ta saurare ni har na gama. Ranar kasuwa ta sa kawuna ya ja san ya sayar, da yamma ta kira ni ta ajiye mini kuɗin ƙulle cikin ɗankwali.

"Ka sayi mashin," in ji ta. "Ka bar ba ɗiyan mutane guminka."

Na ce, "Inna, kwanon fa?"

"Ruwa bai kashe ni ba tun zamanin ubanka, ba bana zai fara ba. Abu guda nika so. Ranar da na zaka garin naku, kai za ka ɗauko ni daga tasha. In hau bayanka, kowa shi gani."

Kafin in koma ta farke wani tsohon zanenta na saƙi, mai baƙi da fari, ta ɗinka ɗan matashi ta cusa masa audugar rimi, ta yi masa igiyoyi. Ta ce in ɗaure a kujerar baya saboda ƙashinta ya tsufa, ba za ta iya da tsalle-tsallen hanya ba.

Kuɗin san bai kai na mashin ba. Abin da zai cika shi yana cikin kuɗin da na tara na haya. Lissafin a fili yake: in na sami gida mai araha a wajen gari, ragowar kuɗin hayar ya cika na mashin, mashin kuma ya kashe maganar nisa. Haya ta ragu, kuɗin hanya ya koma ɗan fetur kawai. Na faɗa wa matata, ta ce Allah ya sa alheri. Ko yau aka kawo mini wannan lissafin ban ga inda ya karkace ba.

Wani dillali ya ce yana da ɗakuna a wata tunga kudu da gari, hayarsu ba ta kai rabin abin da nake biya ba. Na ce ba zan ba da ko sisi ba sai na gani, kuma sai an yi ruwa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sha faɗa mana cewa gida da damina ake dubansa, don da rani kowane kango ango ne. Haka kowa ke yi a wajenmu. Muka jira tsakiyar damina, ranar da aka wuni ana marka, washegari na bi dillalin muka tafi.

Hanyar ta ratsa wata shimfiɗaɗɗiyar fadama, ciyawa kore shar, shanu na kiwo. Ƙasar tana da tauri, ko taɓon kirki babu. Tungar na kan wani ɗan tudu, kogi kuwa can nesa, sai ka ƙura ido ka hango ƙyallinsa. Na shiga ɗakunan na duba rufi, ba ɗigo. Na shafa bango, a bushe. Na leƙa masai, na leƙa rijiya na ja guga na kurkure baki. Mai gidan yana biye da ni, wani dattijo mai farin gemu da carbi, kowa na ce masa Baba. Magana a hankali, murmushi ba ya barin fuskarsa.

A bayan gidan na ga jirage a kife kan duwatsu, nesa da ruwa. Na ce, "Baba, me jirage ke yi a nan?"

Ya ce, "Hutawa suke, Malam. Ana ɗan yi musu gyara."

Na ga wasu tandaye na laka jere a jikin bangon ɗakin da zan kama, baƙi ƙirin, ciyawa ta tsiro a cikinsu. Ya ce na mata ne, ba a aiki da su yanzu. Sai na yi tambayar da na zo da ita tun daga gida.

"Baba, tsakani da Allah, ruwa na zuwa nan?"

Ya buɗe hannu ya nuna mini fadamar. "Malam, ga damina a tsakiyarta. Kai ma kana da ido. Ka ga ruwa?"

Ban ga ruwa ba. Na biya hayar shekara cif, don wannan ne sharaɗinsa, ya yi mini addu'a har da shafa fuska. Abin da ke ƙona mini rai har gobe shi ne tsohon nan bai yi mini ƙarya ko ɗaya ba. Da ƙarya ya yi da na sami abin riƙewa. Gaskiya ya yanka ya ba ni gefen da yake so, ya zauna a kan sauran. Tir da irin wannan gaskiya.

Na sayi mashin, ja, sabo fil, na ɗaure masa matashin Inna. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin watannin nan. Da safe in tayar da shi in ratsa fadama iska na kaɗa mini riga, in wuce 'yan kabu-kabu a bakin hanya in ɗaga musu hannu. Ranar Juma'a in ɗauki matata da yarinya mu je kasuwa. A karon farko wata ya ƙare da sauran kuɗi a aljihuna. Na aika wa Inna cewa in an gama girbi ta shirya ta zo.

Ruwan sama ya ɗauke. Aka fara yankan gero. A wajenmu wannan ne lokacin da rafuka ke janyewa, kowa ya huta da taɓo. A nan kuwa sai na ga fadama ta fara jiƙa daga can ƙasa. Na ɗauka idona ne. Bayan kwanaki shanu suka tashi, ruwa ya kwanta a inda suke kiwo. Sama tas, ko gajimare babu, amma kullum safiya ruwan ya matso. Na tambayi wani malami ɗan gari a makaranta, ya dube ni kamar na tambaye shi ko rana daga gabas take fitowa. Ya ce ai kogin nan tafkin madatsar ruwa ne, ba ya bin damina. Da damina ne yake ƙasa, don an saki ruwan a madatsa. In ruwan sama ya ƙare sai a riƙe shi ya fara cika, ga kuma wani ruwan da ke gangarowa daga ƙasashe masu nisa da sanyi. Ya ce, "Wai a tungar nan ka kama ɗaki? Kai, Malam! Me ya sa ba ka tambaya ba?" Na ce na tambaya, wanda bai kamata ba na tambaya.

Na yi ta kutsawa da mashin, ruwa na kai wa taya, sannan ya fara lasar salansa. Wata safiya na turo shi na fito, sai ga hanya babu ita. Ruwa ne shimfiɗe har gindin itatuwan da ke ƙetare. Jiragen nan masu hutawa duk an birkice su, suna kan ruwa suna rangaji. Babban ɗan Baba, ƙato mai iyali, yana tsaye cikin ɗaya da gora a hannu.

"Malam, an tashi lafiya? Kai kaɗai ne ko da mashin?"

Daga ranar na fara biyan hayar gidan ta gaskiya. Ni kuɗin mutum ɗaya, mashin kuɗin mutum biyu, ga na masu ɗagawa su sa shi cikin jirgi, ga na masu saukewa. Tafiya haka, dawowa haka. Abin da na saya don ya raba ni da kuɗin hanya ya zama fasinja, har ya fi ni tsada. Da na ga ba zan iya ba, ɗan Baba ya ba ni shawara, wai don tausayi: in riƙa barin mashin a ƙetare, akwai rumfa da mai gadi. Na je na ga mai gadin. Ƙanen Baba ne. Shi ma da kuɗinsa, na kwana daban, na wuni daban. In na cika tanki da yamma, da safe in girgiza in ji ya yi sauƙi. Na yi magana, ya ce zafi ne ke shanye fetur. Zafi, a tsakiyar sanyi! Madubi ɗaya ya yi ƙafa, ya ce yara ne, kuma shi mashin yake gadi ba madubi ba.

Abin da ya ƙara mini takaici, 'yan tungar ba sa biya. Kowa da jirginsa ko na ɗan'uwansa. Mu 'yan haya ne kawai ke miƙa kuɗi, kuma da na duba sai na ga dukanmu baƙi ne 'yan tudu, dukanmu kuma da daminar nan muka shigo. Ba wanda ya taɓa zagayo shekara. Matata ce ta jiyo a wurin mata cewa ɗakunan namu suna da suna a tungar. Koma suke ce musu, wato ragar kamun kifi. Kowace damina a jefa, kowane rani a ja. Da ta faɗa mini tana dariyar baƙin ciki, ni kuwa sai da na fita waje na tofar da yawu.

Sannan ƙazanta ta zo. Da ruwa ya cika, kamun kifi ya kankama, tandayen nan da ba a aiki da su aka share su aka hura musu wuta, a jikin bangon ɗakin kwananmu. Hayaƙin banda ya shiga katifa, ya shiga akwati, ya shiga garin tuwo. Mata na zaune bakin ruwa suna feɗe kifi tun safe, hanji da ɓawo a watsa nan gefe, iska ta turo su ƙofarmu su taru cikin kainuwa su kumbura. Ƙudaje kore-kore, manya, in ka buɗe kwano kafin ka kai loma sun riga ka. Masan da na leƙa da damina na yaba zurfinsa, ruwa ya shigo masa ta ƙasa ya ɗago abin da ke ciki har baki, tsutsotsi na bin bango. Rijiyar da na kurkure baki da ruwanta ba ta da nisa da shi. Ruwanta ya sauya launi, in ya kwana a randa sai ka ga wani maiƙo a sama. A ruwan da ake zubar da hanjin kifi ake wanke kwanuka, a nan yara ke tsuguno, a nan kuma ake ɗiba in rijiya ta gagara.

Matata mace ce mai tsabta har ta yi yawa. Ta wanke mini riga da sabulu mai ƙamshi, ta shanya, kafin ta bushe ta koma banda. A aji na lura 'yan layin gaba sun fara ja da baya. Wata rana na juya ina rubutu a allo na ji wata yarinya ta ce, a hankali, malam mai kifi ya zo. Ban juyo ba. Me zan ce mata, alhali ni ma ina jin warin kaina?

Na sami Baba a zaure yana cin tuwon shinkafa da kan tarwaɗa, yana tsotsar ƙashi yana ajiyewa a gefen tabarma. Na gaishe shi yadda ya kamata, na ce ina so ya mayar mini da kuɗin watannin da suka rage in tashi.

Ya lashe yatsa. "Subhanallahi. Wani ya ɓata maka rai, Malam?"

Na ce, "Baba, ka san ruwa na rufe hanyar nan, ba ka faɗa mini ba."

"Ni na kawo ruwan? Ruwa na Allah ne. Rufi na zuba? Bango ya tsage? To ɗaki na ba ka haya, ɗaki kuma ga shi nan lafiya lau. Ban tuna na ba ka hayar hanya ba."

"Jirgin fa na wa ne? Rumfar fa?"

"Yara na neman halalinsu. Ko so kake su ɗauke ka kyauta, kai mai albashi?"

Na ce masa ya ji tsoron Allah da furfurarsa, na ce carbin nan da yake ja kawunanmu yake ƙirgawa da shi. Ya yi murmushin nan nasa ya tura mini kwanon. "Bismillah, Malam. Yunwa ce ke sa zafin rai." Na dubi miyar, ƙuda ya faɗa ciki yana iyo, na tashi na fita kafin in yi abin da za a kai ni gaban alƙali.

Dole na koma ƙetarawa da mashin, don a rumfar ƙanen Baba sai an wayi gari ba taya. Wata safiya ana ɗaga shi, hannun ɗan Baba ya suɓuce, ko ya sake, Allah ne masani. Mashin ya kife tsakanin jirgi da gaɓa, daidai inda hanjin kifi ya taru, ya nutse har madubin da ya rage. Na faɗa ruwan da kayan aikina. Muka ciccibo shi yana tsiyaya, kainuwa maƙale a waya, matashin Inna ya sha ruwan ƙazanta ya yi nauyi. Ina tsaye ina haki, ɗan Baba ya miƙo hannu, wai a ba yaran da suka taimaka na goro. Ban san lokacin da na zage shi ba.

Bakanike ya kwance injin ya wanke, ya sauya abin da zai sauya, ya cinye mini abin da ya rage na watan. Mashin ya tashi, amma da tari. Matashin kuwa matata ta farke shi ta shanya audugar, ta wanke zanen ta sake ɗinkewa, na mayar da shi wurinsa.

Ana wata ga wata. Yarinya ta kama gudawa da amai, cikin wuni ɗaya idonta ya faɗa. Muka ɗauke ta da rana tsaka muka nufi bakin ruwa, ɗan Baba ya ce jirgi bai cika ba, sai dai in biya kuɗin sauran wuraren. Na biya. A asibiti aka sa mata ruwa, ma'aikaciyar ta tambayi wane ruwa muke sha, da matata ta faɗa mata sai ta riƙe baki. Allah ya sa da sauran kwana. Ranar da aka sallame mu matata ta tsaya a ƙofar asibitin da yarinya a baya.

"Malam, ban taɓa ƙin bin ka ba. Amma ƙafar yarinyar nan ba za ta sake taka tungar can ba. Ko ka sama mana ɗaki a gari, ko ka sa mu a mota mu tafi gida."

Gaskiyarta ce. Muka raɓa a gidan wani abokin aikina na 'yan kwanaki, ni kuwa na shiga neman ɗaki. Ko'ina hayar shekara ake so a dunƙule, tawa kuma tana aljihun Baba. Na juya na juya, abu ɗaya ne gare ni da za a sayar.

Na kai mashin wurin masu saye da sayarwa. Kowa ya zagaya shi ya ce, "A'a, ba wannan ne ya sha ruwa ba?" Labarin ya riga ni isa kasuwa, ban kuma sha wahalar gane wanda ya kawo shi ba. Tayin da suka yi ko kunya babu. Ina turo shi zan fita sai ga ɗan Baba, wai ya zo sayen igiya. Ya ɗora ɗan abu kaɗan a kan tayin da aka yi, ya ce don zaman tare ya yi haka. Na tsaya ina kallon tankin, ina tuna san Inna. Na karɓi kuɗin. Da na sunkuya zan kwance matashin sai ya dafe shi.

"Da shi na gani, Malam, da shi na saya."

Mutane sun taru, ni kuma malamin makaranta ne, ba zan yi kokawa a kasuwa kan matashi ba. Na saki. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ɗan Baba ya bar wa wani ƙanensa jirgi, shi ya koma kabu-kabu a tashar Yelwa, ni na kama ɗaki a gari na koma tafiya makaranta a ƙasa in aljihu ya bushe.

Na yi niyyar in an yi hutu in je in zauna gaban Inna in faɗa mata da bakina, don ba maganar waya ba ce. Ba ta jira hutun ba. Wata ranar kasuwa aka kira ni da wayar wani direba, aka ce tsohuwata na tasha tana jira. Na tafi da sauri a ƙasa. Na same ta zaune kan ƙullin gero, ta sa zanenta na fita, ta yi lalle. Ta amsa gaisuwata, idonta na bayana.

"Ina shi?"

Ban buɗe baki ba 'yan kabu-kabu suka yo kanmu. Wanda ya riga kowa ya taka birki a gabanmu, jan mashin, madubi ɗaya.

"A'a, Malam ne! Inna ce ta zo? Sannu da hanya, Inna. Ina za a kai ta?"

Inna ba mashin ta kalla ba. Kujerar baya ta kalla. Ta miƙa hannu ta taɓa matashin, ta bi ɗinkin da yatsa, sannan ta ɗago ta dube ni. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, "Inna, bari in samo wani."

Ta ce, "A'a. Wanga zan hau."

Ta hau, ta gyara zama, ba ta riƙe shi ba, ƙarfen baya ta kama. Na ɗora geron a wani mashin na bi su. Haka Inna ta ratsa garin Yelwa a kan mashin ɗin da ta saya, tana kallon ƙeyar wani. A ƙofar gida na sa hannu a aljihu, ta ce in bari. Ta kwance bakin zanenta ta biya shi da kanta. Ya karɓa, ko a fuska. Har zai tayar sai ta ɗora hannu a kan matashin.

"Kwance min wanga."

"Inna, ai da shi na..."

"Zanena ne. Ni na ɗinka shi, ban kuwa sayar ma kowa ba. Kwance."

Ba ta ɗaga murya ba. Ya dubi mutanen da ke zaune a ƙofar gida, ya dube ta, ya sunkuya ya kwance. Ta karɓa ta kai hanci, ta yamutsa fuska. "Ƙarni shikai," in ji ta, ta shige ciki.

Matata ce ta ba ta labarin duka, ni ban iya zama ba. Kwanakin da ta yi ba ta ta da maganar ba ko sau ɗaya. Jikarta kawai take ɗauka tana juyawa tana cewa an gode Allah. Da za ta koma ta sa matashin cikin kayanta.

Da damina ta zagayo na hango dillalin nan a bakin hanyar fadama, ciyawa ta sake yin kore, yana tafe da wani saurayi mai sabuwar jaka. Na tsayar da su na faɗa wa saurayin komai. Ya saurare ni cikin ladabi, ya dubi busasshiyar hanya, ya dube ni, dillali ya raɗa masa wani abu suka yi gaba. Ban ga laifinsa ba, shi ma yana da ido.

A wannan daminar na je gida. An kwana ana ruwa. Na shiga ɗakin Inna gaishe ta, na tarar ta ja gado tsakiyar ɗaki, tasa a nan, ƙwarya a can, ruwa na ɗiga ɗis, ɗis. Tabarmarta ta jiƙe, buhun hatsinta ta ɗora kan turmi. A ƙusar da ke jikin bango, inda ɗigon ba ya kaiwa, ga matashin nan rataye cikin leda, an ƙulle bakin tam.

Ta ga inda nake kallo. Ta matsar da tasa da ƙafa ta tari wani sabon ɗigo.

"Kar shi jiƙe," in ji ta, "kafin ka sayi wani."